BABI NA HUƊU: TANDERUN ƘONA SHARA DA YADDA YAKE SARRAFA DAGWALON MAI DA SHARAR GIDA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da mutanen birnin Katsina suka gada wajen kawar da shara, tun daga zubawa a juji, da kwasa zuwa gona, har zuwa cinna mata wuta. A wannan babi kuwa za a dubi hanyar zamani ta ƙona shara, wato amfani da tanderu. Za a fara da fayyace ma'anar wasu kalmomi, sannan a kawo ire-iren sharar birnin, da taƙaitaccen tarihin tanderu, da sassansa, da yadda yake cinye sharar gida da kuma dagwalon mai. Manufar babin ita ce a nuna bambancin da ke tsakanin ƙona shara a tanderu da cinna wa juji wuta, ko da yake duka biyun ƙonawa Bahaushe yake ce musu. Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci, domin hayaƙin da ke tashi daga juji mutanen unguwa ne ke shaƙarsa, man da ake zubarwa a kwata kuma yana iya ƙarewa a ruwan rijiyarsu.

4.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar shara tana da tushe ɗaya da aikatau share, don haka asalin ma'anarta ita ce duk abin da tsintsiya ta tattaro. Wurin da ake tara ta shi ne juji, kodayake a bakin mutanen birni yanzu an fi jin kalmar bola. Baƙin mai shi ne man inji da ya gama aiki aka juye shi daga mota ko babur ko janareta. Dagwalon mai kuwa, a wannan bincike, ana nufin cakuɗen baƙin mai da ruwa da ƙasa da tsatsa da ɓarɓashin ƙarfe, wanda kan kwanta a gindin tanki ko ganga, ko a ramin gareji, ko a magudanar wurin wankin mota. Kaurinsa kan kai na kunu, wani lokaci har ya fi.

Tanderu a asali murhun ƙasa ne da ake gasa gurasa a cikinsa. Daga baya aka faɗaɗa ma'anar kalmar ta haɗa da na masu burodi. An zaɓi wannan kalma domin kiran na'urar ƙona shara saboda dalilai uku. Na farko, tanderu rufaffen wuri ne. Na biyu, bangonsa yana riƙe zafi. Na uku, mai aiki da shi ne ke da iko da yawan iskar da ke shiga. Waɗannan siffofi uku su ne suka raba na'urar da wutar juji, kamar yadda za a gani nan gaba.

4.2 Ire-iren Sharar Birnin Katsina

Tun daga shekarar 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, birnin ya zama hedikwata, jama'a suka ƙaru, unguwanni suka bazu a bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Marusa da sauransu. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 300,000 a ƙaramar hukumar Katsina kaɗai. Yawan jama'a ya kawo yawan shara, ya kuma sauya kamanninta. Ana iya kasa sharar birnin gida huɗu kamar haka:

(i) Mai ruɓewa da mai komawa ƙasa: sauran abinci, ganyaye, kara, kashin dabbobi, tokar murhu da rairayin da tsintsiya ke kwasowa daga tsakar gida. Wannan ita ce manoma ke kwasa da rani a matsayin taki.

(ii) Mai komawa kasuwa: ƙarafa, gwangwanaye, kwalabe da robobi masu tauri, waɗanda 'yan jari-bola ke tsintowa su sayar.

(iii) Wadda ba ta ruɓewa kuma ba ta da kasuwa sosai: ledoji, musamman ta fiya-wata, da tsummokaran roba da ƙunzugun yara na zamani.

(iv) Mai haɗari: sharar asibiti, kamar allurai da sirinji da audugar da ta sha jini da magungunan da wa'adinsu ya ƙare, sai kuma baƙin mai da dagwalonsa.

Game da baƙin mai, Hausawa sun samar masa ayyuka. Ana shafa shi a katako da azara don gudun gara, ana zuba shi a masai don kashe wari da sauro, masu buga bulo suna shafa shi a ma'auninsu, wasu har a gyambon dabba suke sa shi. Abin da ya rage bayan wannan, wato dagwalon da ba mai saye, shi ne ake tuttulawa a ƙasa ko a kwata. Baƙin mai yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarafa da gubar da ta taru a cikinsa lokacin da yake zagaya inji, kuma masana lafiya sun danganta yawan taɓa shi da sankarar fata. Idan damina ta sauka, ruwa kan kwashe shi zuwa kududdufai, wani kuma ya tsiyaya ƙasa. Kashi na huɗu ke nan shi ne gona ba ta so, ɗan jari-bola ma ba ya so.

4.3 Taƙaitaccen Tarihin Tanderun Shara

An gina tanderun ƙona sharar gari na farko a birnin Nottingham na ƙasar Ingila a shekarar 1874, bisa tsarin wani injiniya mai suna Alfred Fryer. A Amurka kuwa an gina na farko a 1885 a wani tsibiri da ke Niyok. Waɗannan na farko hayaƙi suke turnuƙewa da shi, mutanen da ke kusa suna ta koke. An ɗauki shekaru masu yawa ana gyara kafin a kai ga irin wanda ake gani yau. A nahiyar Afirka, an buɗe babban tanderun Reppie a Adis Ababa a 2018, kusa da jujin Koshe wanda ya zaftare a 2017 ya kashe mutum fiye da ɗari. An tsara shi ne ya ci tan 1,400 na shara kowace rana, ya kuma samar da lantarki daga zafinta.

A Nijeriya, hankalin hukuma ya karkata sosai ga shara mai guba a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. A wannan shekara aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1999 aka shigar da ita cikin Ma'aikatar Muhalli, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli.

Akwai kuma wani wuri da tanderu ya bunƙasa wanda ya kamata a ambata, wato cikin jiragen ruwa. Gaskiya ne Katsina tana nesa da teku, amma jirgin ruwa tamkar ƙaramin gari ne mai ƙaton inji, yana tara sauran abinci da kwalaye da tsummoki, yana kuma tara dagwalon mai kimanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na man da yake sha. Da yarjejeniyar MARPOL ta 1973, wadda aka yi wa gyara a 1978, ta ɗaure jirage daga zubar da mai a teku, sai aka inganta ƙaramin tanderu mai cin dagwalo da shara a lokaci guda. Saboda girmansa ya yi daidai da bukatar asibiti ko rukunin gareji, ƙa'idojinsa ne za a fi kafa hujja da su a wannan babi.

4.4 Sharuɗɗan Cikakkiyar Ƙuna

Ƙuna ita ce haɗuwar makamashi da iskar oksijin, wadda ta kai kimanin kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Idan ƙuna ta cika, akasarin abin da ke fita shi ne tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid, sai toka ta rage. Idan ba ta cika ba, sai a sami baƙin hayaƙi da kunkunniya da iskar kabon monoksaid, wadda ita ce ke kashe wanda ya kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Kowace mace mai girki da risho ta san wannan a aikace. Idan lagwani ya daidaita, harshen wuta shuɗi ne, tukunya ba ta baƙi. Idan ya karkace, sai wuta ta yi ja, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin.

Sharuɗɗa huɗu ne ke sa ƙuna ta cika:

(i) Zafi. Dokar Tarayyar Turai ta shar'anta cewa iskar da ke cikin tanderu ta kai digiri 850 a ma'aunin Salshiyos. Domin kwatance, ruwa a digiri 100 yake tafasa. Idan shara mai haɗari ce mai ɗauke da sinadarin kilorin fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, sai an kai digiri 1,100.

(ii) Lokaci. Dole hayaƙin ya zauna cikin wannan zafi na aƙalla daƙiƙa biyu kafin ya fice.

(iii) Wadatar iska. Kilo ɗaya na mai yana bukatar kimanin kilo 14 na iska kafin ya ƙone tas. Amma iskar da ta wuce kima sanyaya wuta take yi.

(iv) Gauraya. Sai iska ta cuɗanya da hayaƙin sosai, kamar yadda zuga-zugin maƙeri ke kai iska har tsakiyar gawayi.

Idan aka auna wutar juji da waɗannan sharuɗɗa, za a ga ba ta cika ko ɗaya ba. Wutar tana ci ne a hankali a ƙarƙashin tulin shara inda iska ba ta kaiwa, danshi yana rage mata ƙarfi, hayaƙi kuma yana ficewa nan take ba tare da ya ƙone ba. Wannan shi ya sa juji kan kwana biyu ko uku yana hayaƙi. Da hunturu kuma, lokacin da sanyin asuba ke danne iska a ƙasa, hayaƙin kan kwanta a kan gidaje ya haɗu da ƙura.

4.5 Sassan Tanderu

Ƙaramin tanderu na zamani yana da sassa kamar haka. Akwai ƙofar zuba shara, wadda galibi biyu ce, ta waje da ta ciki, domin kada harshen wuta ya tarbi mai zubawa. Akwai ɗakin farko, inda shara ke kwanciya a kan ragar ƙarfe ko daɓen bulo. Akwai ɗaki na biyu, inda ake ƙona hayaƙin da ya taso daga na farko. An lulluɓe cikin ɗakunan da bulo na musamman mai jure wuta, wanda ke riƙe zafi kamar bangon tanderun gurasa. Akwai makunni mai aiki da man dizal, da bakin feshin dagwalo, da tankin dagwalo da famfonsa. Akwai fanka mai hura iska, da wata a wajen bututun hayaƙi mai zuƙo shi waje. Aikin wannan fanka ta biyu shi ne ta sa iska ta riƙa shiga tanderu ta kowace kafa, maimakon hayaƙi ya riƙa fita. Daga ƙarshe akwai ma'aunin zafi, da wata 'yar na'ura mai ganin hasken wuta, wadda ke datse mai da zarar wutar ta mutu. Ba don ita ba, mai zai taru a ɗaki mai zafi, ya fashe idan aka sake kunnawa.

4.6 Yadda Ake Ƙona Sharar Gida

Matakin farko shi ne tsincewa. Ana cire kwalabe da ƙarafa domin ba sa ƙonewa. Ana cire batir da fitilu masu zaiba saboda gubarsu, ana kuma cire gwangwanin maganin sauro na fesawa domin fashewa yake yi. Bayan haka sai a kunna makunnin dizal a zafafa tanderu kafin shara ta kama. A ƙa'idar tanderun jirgi, irin wanda ake cika wa shara a rufe, ana so ya kai digiri 600 cikin minti biyar da kunnawa, sannan ya daidaita a 850 ko fiye, ba tare da ya wuce 1,200 ba.

A ɗakin farko shara kan bi matakai uku. Da farko takan bushe, ruwan jikinta ya tashi. Wannan mataki yana cin zafi ƙwarai, domin zafin da ake bukata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ake bukata a kai shi ga tafasa fiye da sau biyar. Shi ya sa ɗanyen itace ke wahalar da mai girki. Bayan ta bushe, sai zafi ya narkar da leda ya gasa takarda da tsumma, su saki wata iska mai kama da wuta. Wannan iska ita ce ido ke gani a matsayin hayaƙi mai kauri. A mataki na uku, abin da ya rage ya zama kamar gawayi, ya ci gaba da ci har ya koma toka.

Hikimar tanderu tana ɗaki na biyu. Hayaƙin nan da wutar juji ke saki, a nan ake tare shi, a hura masa sabuwar iska, a kunna masa wata wutar, ya ƙone shi ma. Wato hayaƙi makamashi ne da bai gama ci ba. Idan aiki ya yi kyau, abin da ke fita ta bututu kusan ba a ganinsa. Ta wannan hanya girman shara kan ragu da kimanin kashi 90 cikin ɗari, nauyinta kuma da kimanin kashi 70. Ƙa'idar jirgi ta ce abin da bai ƙone ba a cikin toka kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyinta. An kuma yi wa ƙofar kwasar toka makulli, ba ta buɗuwa muddin zafin ciki ya haura digiri 220.

4.7 Yadda Ake Ƙona Dagwalon Mai

Dagwalo yana da ƙarfin wuta, domin kilo ɗaya na mai yana ba da zafi fiye da ninki biyu na kilo ɗaya na busasshen itace. Sai dai yana da matsaloli uku, wato ruwa da kauri da tsakuwa. Idan aka tuttula shi haka nan a kan wuta, samansa kawai zai kama, ya yi ta fitar da baƙin hayaƙi irin na tsohuwar taya, ruwan da ke ciki kuma ya riƙa tartsatsi. Saboda haka sai an shirya shi.

Ana fara zuba shi a tanki a bar shi ya kwanta. Da yake ruwa ya fi mai nauyi, sai ya koma ƙasa, a buɗe famfon gindi a tsiyaye shi. Daga nan a zafafa tankin zuwa digiri 80 ko 90, domin man ya tsinke kamar yadda man shanu ke narkewa a wuta, sauran ruwan kuma ya riƙa tashi. Sai wani famfo mai haƙora ya riƙa zagayawa da shi yana niƙe gudaje, har ya zama bai ɗaya. Wannan zagayawa tana hana ruwa taruwa wuri guda, domin idan ruwa zalla ya isa bakin feshi, wuta mutuwa za ta yi. Ba a bukatar a raba shi da ruwa gaba ɗaya. Cakuɗen da ake gwada tanderun jirgi da shi yana da kashi 75 na dagwalon mai mai nauyi, kashi 5 na baƙin mai, da kashi 20 na ruwa.

Bayan tanderu ya yi zafi da dizal, sai ƙaramin famfo ya fara tura dagwalo kaɗan-kaɗan zuwa bakin feshi. A nan matsattsiyar iska ko tururi ke tarwatsa shi ya zama yayyafi, tamkar yadda famfon feshin manomi ke yi wa maganin ƙwari. Kowane ɗigo yana samun iska ta kowane gefe, sai ya ƙafe ya kama da wuta tun yana sama. Ma'aunin zafi shi ke jan ragamar aikin. Idan zafi ya yi ƙasa saboda ruwa ya yi yawa, sai makunnin dizal ya tallafa. Idan ya yi sama, sai famfo ya rage turawa. Da wuta ta kankama, dagwalo mai kyau kan riƙe kansa ba tare da dizal ba.

Fa'idar haɗa sharar biyu a tanderu ɗaya a nan take. Sharar gida tana da danshi da ƙarancin ƙarfin wuta, dagwalo kuma yana da ƙarfin da ya yi masa yawa. Zafin dagwalo shi ke busar da shara ya kuma riƙe ɗaki na biyu a kan digiri 850, sai a rage sayen dizal. A taƙaice, shara ɗaya ce ke zama makamashin ƙona 'yar'uwarta.

4.8 Hayaƙi da Toka

Ko tanderu ya yi aiki yadda ya kamata, akwai abubuwan da wuta ba ta halakawa. Farar wutar da ke cikin mai takan koma iska mai tsami, haka ma kilorin da ke cikin roba nau'in PVC, irin ta bututun ruwa da wasu kayan asibiti. Dalma da sauran ƙarafa kuma sukan bi ƙura ko su zauna a toka. Mafi muni shi ne gubar da ake kira dayoksin, wadda duniya ta san sharrinta bayan haɗarin wata masana'anta a garin Seveso na Italiya a 1976. Tana taruwa a kitsen dabba da na mutum, tana kuma shiga madara da ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu haddasa sankara. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ambaci ƙona shara a fili cikin hanyoyin da ke haifar da ita. Abin lura a nan shi ne kaji da awakin birni a juji suke kiwo.

Zafin digiri 850 yana wargaza dayoksin, amma tana iya sake haɗuwa idan hayaƙi ya huce a hankali tsakanin digiri 200 zuwa 450. Don haka ake sanyaya shi farat ɗaya. A tanderun jirgi ana cakuɗa shi da iska mai sanyi ya sauko zuwa digiri 350 ko ƙasa cikin mita biyu da rabi daga bakin ɗakin wuta. A manyan tanderu kuwa ana ƙara fesa garin laim domin kashe tsami, da garin gawayi na musamman domin kama guba, sannan hayaƙin ya bi ta cikin buhunan yadi masu tace ƙura.

Toka tana da daraja a wurin Bahaushe, shi ya sa yake cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Da ita ake yin ruwan toka na girki, da sabulu, ana sa ta a marina, ana kai ta gona. To amma tokar tanderu daban take da ta murhu, domin a cikinta ƙarafan da ke cikin mai da shara suke tattaruwa. Bai dace ta shiga gona ko girki ba. Ana binne ta ne a ramin da aka daɓe da siminti, nesa da rijiya, ko a cakuɗa ta da siminti ta daskare.

4.9 Dacewar Tanderu da Birnin Katsina

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tanderu bai dace da dukkan sharar birnin ba. Kashi na farko, wanda ido ke shaida yawansa a kowane juji, cike yake da rairayi da tokar murhu, waɗanda ba sa ci da wuta. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuma jiƙe yake sharkaf. Ƙona irin wannan shara asarar dizal ce, kuma asarar takin da gonakin kewayen birni ke bukata, ganin ƙasar yankin rairayi ce mai saurin gajiya. Kashi na biyu kuma abincin 'yan jari-bola ne. Leda ma tarawa a narkar a sake sarrafawa ya fi mata.

Inda tanderu ke da amfani shi ne kashi na huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti kamar ta gida take, kashi 15 ne mai haɗari. Idan aka ware wannan kaɗan tun daga ɗakin jinya, ƙaramin tanderu ya ishe shi. Akwai ma wani mai sauƙin kuɗi da aka tsara a Jami'ar De Montfort ta Ingila a shekarun 1990 domin asibitocin karkara, wanda ake ginawa da bulo, mai ɗaki biyu, ba ya bukatar lantarki. Game da mai kuwa, wanda bai gurɓata sosai ba ana iya tace shi a sake amfani da shi. Dagwalon da ya rage shi ne ya cancanci wuta. Tanderun masana'antar siminti, wanda zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, shi ma yana cinye irin wannan mai, kuma ƙasashe da dama suna amfani da shi haka.

Sai dai Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tanderu yana bukatar lantarki mai ɗorewa domin fankoki da famfuna, da kuɗin dizal, da ma'aikaci mai horo, da gyaran bulo a kan kari. Idan lantarki ya ɗauke ana tsakiyar aiki, ko aka yi tsimin dizal aka zuba shara kafin ya yi zafi, to ya koma juji mai bututu, gubarsa ma tana iya bazuwa fiye da da. Haka kuma wajibi ne a gina shi nesa da gidaje, a yi la'akari da iskar gabas ta hunturu da ta yamma ta damina. Sannan sai an samar da hanyar tattara dagwalo daga gareji-gareji, misali ta ajiye ganguna a hannun ƙungiyoyin makanikai, domin tanderun da ba a kai masa abinci ba gini ne kawai.

4.10 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin tanderun ƙona shara, da tarihinsa, da sassansa, da matakan da sharar gida da dagwalon mai ke bi a cikinsa. An ga cewa aikinsa ya rataya ne a kan zafi da lokaci da iska da gauraya, waɗanda wutar juji ba ta da iko da su. An kuma ga cewa dagwalo sai an tsiyaye shi, an zafafa, an niƙe, an fesa kafin ya ƙone tas, kuma zafinsa na taimaka wa jiƙaƙƙiyar shara. Daɗin daɗawa, an nuna cewa hayaƙi da toka suna bukatar kulawa ta musamman. Dangane da birnin Katsina, binciken ya nuna cewa taki na gona ne, ƙarfe da roba na kasuwa ne, tanderu kuma na sharar asibiti da dagwalon mai ne. A babi na gaba za a dubi ayyukan duba-gari da na hukumomin tsabtace muhalli, da yadda al'adar sharar ƙarshen wata da ta samo asali a tsakiyar shekarun 1980 ta shafi rayuwar mutanen birnin.